Zaki a Bisa Raƙumi: Yini Guda a Palermo

Kakana, Allah ya jiƙansa da rahama, ya shafe fiye da shekara talatin yana biya wa manyan almajirai Muhtasar na Shehu Halil a zaurensa da ke cikin birnin Zazzau. Aikina a lokacin bai wuce shimfiɗa buzu da kawo butar alwala ba, amma kunnen yaro ba ya barci. Sunaye huɗu suka zauna mini daram a ka tun ban san ma'anarsu ba: Lahami, Ibn Yunus, Ibn Rushdi da Mazari, malaman da Halil ya nuna tun a farkon littafinsa cewa da maganarsu zai riƙa kafa hujja. Na ɗauka dukkansu mutanen Makka ne ko Madina, in an yi nisa a ce Masar. Sai da na girma, karatun tarihi ya zama sana'ata, sannan na gano cewa Ibn Yunus ana yi masa laƙabi da Assiƙilli, wato mutumin Sisili, shi kuwa Mazari sunansa yana komawa ne ga Mazara, wani garin masunta a kudu maso yammacin wannan tsibiri. Biyu daga cikin huɗu ke nan. Ashe tsibirin da a yau yake cikin ƙasar Italiya ya daɗe yana zaune a zauren kakana, ba mu sani ba.

Saboda haka da wani taron masana ya kai ni Napoli, aka ba mu hutun yini guda kafin ranar tashi, ban yi dogon tunani ba. Abokan tafiya suka rarrabu, wasu Roma, wasu Fulorans. Wani malami Ba'italiye, mutumin arewacin ƙasar, da ya ji inda na nufa sai ya yamutsa fuska, ya ce me zan je nema a garin da ba a san shi da komai ba sai 'yan Mafiya da gidajen da suka ruɓe. Na yi masa godiya, na sayi tikitin jirgin ruwan da ke tashi da dare ya isa Palermo da sassafe.

Ta teku ya kamata baƙo ya shiga wannan birni, domin ta nan duk masu mulkinsa suka shigo. Mutanen Finiƙiya ne suka kafa shi a wajen ƙarni na takwas kafin haihuwar Annabi Isa. Girkawa suka kira shi Panormos, ma'ana wurin da ko'ina mashigin jirgi ne, Larabawa suka lanƙwasa sunan ya koma Balarmu. Da gari ya fara wayewa na tsaya a bisa jirgi ina kallon dutsen Pellegrino ya kankane arewacin birnin, duwatsu sun yi wa kwarin ƙawanya ta baya. A wannan kwari ne manoman zamanin Musulmi suka haƙa magudanan ruwa a ƙarƙashin ƙasa, suka yawaita lemon tsami da rake da auduga. Yanzu benaye sun cinye yawancin lambunan.

Labarin shigar Musulmi tsibirin ya faro ne daga wani malamin fiƙihu. A shekarar 827 wani kwamandan jiragen yaƙin Rumawan Gabas mai suna Yufimiyus ya yi wa sarkinsa tawaye, ya tsallaka Tunisiya yana neman gudummawa. Sarkin Aglabawa, Ziyadatullahi na ɗaya, ya ɗora jagorancin rundunar a kan alƙalin Ƙairawan, Asad ɗan Furat, dattijo mai kusan shekara saba'in, wanda ya yi karatu a gaban Imamu Malik a Madina. Littafinsa, Asadiyya, shi ne wanda Sahnun ya tace har aka sami Mudawwana. Rundunar ta tashi daga Susa ta sauka a Mazara. Asad bai ga ƙarshen aikin ba, annoba ta ɗauke shi a shekarar 828 yana kewaye da birnin Sirakusa. Palermo ta faɗi a 831 bayan kewayewar shekara guda, amma Sirakusa sai a 878, Tawormina kuwa sai a 902. Shekara saba'in da biyar ana gwabzawa. Ina faɗin wannan ne domin a wurinmu akan ba da irin wannan labari kamar ƙofa aka ƙwanƙwasa aka buɗe. Ba haka aka yi ba. An ƙona amfanin gona, an kashe mutane, kuma waɗanda suka tsira daga Sirakusa an kora su zuwa Palermo a ɗaure.

Daga tashar jiragen ruwa na taka zuwa unguwar Kalsa. Sunan ya fito ne daga Al-Halisa, ganuwar da gwamnan Faɗimawa ya gina a 937 domin ya zauna nesa da mutanen tsohon gari, waɗanda bai amince da su ba. Na shiga da zumuɗin mai neman kabarin kakansa, na yi ta zagaya lunguna ina duban bango. Ban ga komai ba. Akwai coci-coci, akwai shanya a bisa baranda, akwai filayen da suka zama fili tun da jiragen Amurka da Ingila suka yi wa birnin ruwan bama-bamai a 1943. A wannan unguwa aka raini alƙalan nan biyu, Giovanni Falcone da Paolo Borsellino, waɗanda Mafiya ta kashe a 1992, ɗaya a watan Mayu ɗaya a watan Yuli, kuma hotonsu ya fi na kowane sarki yawa a bangon gari. Amma na Larabawa, sai suna da karkacewar lunguna.

Wannan shi ne abin da ya fara sanyaya mini jiki, kuma shi ne gaskiyar da littattafan jagoran baƙi ba su cika son faɗa ba. Matafiyi Ibn Hauƙal, wanda ya zo nan a wajen 973, ya ce masallatan Palermo da kewayenta sun haura ɗari uku. Babu ko ɗaya da ya rage a tsaye da siffarsa. Duk ginin da ake nuna wa baƙo a ce masa ga aikin Larabawa, an yi shi ne bayan mulkin Musulmi ya faɗi, da kuɗin sarakuna Kiristoci.

Ibn Hauƙal ɗin nan, ya kamata in ce, bai so mutanen garin ba ko kaɗan. Ya ce yawan masallatan ba tsoron Allah ba ne, girman kai ne, kowane mai hali so yake a ce ga nasa, har ya ƙirga wajen goma a tazarar da kibiya za ta iya kaiwa. Ya ce malaman makarantar allo sun yi yawa ne saboda an ɗauke musu fita yaƙi. Ya kuma ɗora alhakin abin da ya kira dusashewar hankalinsu a kan yawan cin ɗanyar albasa. Na yi dariya ni kaɗai a kan titi da na tuna maganar masallatan, domin na san unguwanni a garinmu da zai iya rubuta wannan shafi a kansu ba tare da ya sauya harafi ba.

A bakin Kalsa akwai wani katafaren gida da ake kira Steri, wanda wasu attajiran ƙarni na goma sha huɗu suka gina. Daga farkon ƙarni na goma sha bakwai zuwa 1782 nan ne mazaunin kotun binciken aƙida ta sarakunan Sifaniya. Ɗakunan kurkukun suna nan, bangonsu cike da zane da rubutun fursunoni, waɗanda suka yi da garin jan bulo da baƙin hayaƙi: addu'o'i, taswirar tsibirin, jiragen ruwa, zagi. Cikin waɗanda aka tsare har da masunta da matuƙa jirgin da 'yan fashin teku na arewacin Afirka suka kama, suka musulunta a can, suka dawo gida aka tuhume su da ridda. Ban daɗe a ciki ba. Iskar wurin ba ta da daɗin shaƙa.

Na hau babban titin da ya tsaga tsohon gari daga teku zuwa fada. Har yau mutanen gari Cassaro suke ce masa, daga kalmar Alƙasr. Kafin tsakiyarsa, in ka ratse hagu, akwai coci biyu kafaɗa da kafaɗa. Ɗaya, San Cataldo, tana ɗauke da jajayen ƙubbobi uku waɗanda hotonsu ya zama tambarin birnin. Jan launin da masu yawon buɗe ido ke ɗauka na Larabawa ne, masu gyaran ƙarni na goma sha tara ne suka shafa shi. Ɗayar kuwa, Martorana, a nan na fara zama.

Wanda ya gina ta a 1143 sunansa Jurji mutumin Antakiya. Kirista ne mai jin Larabci da Girkanci, ya yi wa sarakunan Musulmi na Mahdiyya aikin baitulmali, sannan ya gudo ya kama aiki a wurin Normawa. Su Normawan jikokin mayaƙan arewacin Turai ne da suka zauna a Faransa, suka gangaro kudancin Italiya suna yaƙin haya. Sun sami Musulmin Sisili a rarrabe, kowane ƙa'idi da garinsa, har ɗaya daga cikinsu ya gayyato su domin su taya shi yaƙar ɗan'uwansa. Yadda gayyata ta shigo da Asad, haka gayyata ta shigo da waɗanda suka rushe abin da ya fara. Palermo ta faɗa hannunsu a watan Janairu na 1072, sauran tsibirin ya bi a 1091. Jurji ya zama babban wazirin Sarki Roja na biyu, da laƙabin Amirul Umara, kuma daga wannan kalma ta amir ne harsunan Turai suka samo sunan da suke kiran babban hafsan sojan ruwa. A cikin cocin, bango da rufi an lulluɓe su da ƙananan duwatsu da gilasai masu ruwan zinariya, aikin gwanayen Rumawan Gabas. A gefe guda ga hoton Roja sanye da tufafin sarkin Ƙusɗanɗiniyya ana ɗora masa kambi. A jikin wasu ginshiƙai kuma ga rubutun Larabci.

Ibn Jubair, Ba'andaluse da jirginsa ya fashe a gaɓar Masina yana dawowa daga aikin hajji, ya shiga wannan coci ranar Kirsimeti ta 1184. Kyanta ya ruɗe shi har ya nemi tsarin Allah daga fitinarta. Ya ga matan Kiristoci sun fito cikin lulluɓi da lalle da turare kamar matan Musulmi, suna magana da Larabci. Ya ji labarin cewa a lokacin wata girgizar ƙasa, Sarki Wiliyam na biyu ya ji barorinsa suna kiran sunan Allah da Manzonsa a firgice, ya ce musu kowa ya roƙi abin da yake bauta wa. Wannan shi ne ɓangaren da ake yawan karantowa. Amma shi Ibn Jubair ɗin ne kuma ya ba da labarin fadawan da ke ɓoye musuluncinsu, suna sulalewa ɗaya bayan ɗaya in lokacin salla ya yi. Shi ne ya ce an hana huɗubar Juma'a. Kuma shi ne ya ba da labarin wani dattijo a Tarabani da ya zo wurin alhazai yana roƙon wani cikinsu ya auri 'yarsa ƙarama ya tafi da ita ƙasar Musulmi, ya gwammace kada ya sake ganinta da a ce ta tashi a nan. Duka biyun a littafi ɗaya suke, tsakaninsu 'yan shafuka.

Ina zaune a kan bencin cocin sai Mazari ya faɗo mini a rai. Yana Mahdiyya, inda ya rasu a 1141, aka aiko masa da tambaya daga tsibirin kakanninsa: shin hukuncin alƙalin da sarki Kirista ya naɗa yana zartuwa, kuma ana karɓar shaidar Musulmin da suka zauna ƙarƙashin wannan mulki ba su yi hijira ba? Mazari bai yanke su daga al'umma ba. Ya ce a kyautata musu zato, domin mai yiwuwa larura ce ta zaunar da su, kuma jama'a ba ta rayuwa ba alƙali. Duk wanda ya san abin da ya faru a Sakkwato a 1903 ya san wannan tambaya. Sarkin Musulmi Attahiru ya zaɓi hijira, aka kashe shi a Burmi. Waziri Buhari ya zauna da jama'ar da ba su da ikon tafiya, ya kuma rubuta wasiƙa ga ma'abota ilimi yana bayyana dalilinsa, zuciyarsa ba ta kwanta ba. Tsakanin tambayar Sisili da ta Sakkwato akwai shekara fiye da ɗari bakwai da hamsin, amma mazhaba ɗaya ce, littattafan da aka buɗe domin neman amsa ma kusan ɗaya ne.

Yunwa ta kore ni zuwa kasuwar Ballaro. Wanda ya saba da Kurmi ko Kasuwar Barci ba zai yi baƙunta a nan ba. Rumfuna ne a matse, masu kifi da masu ganye suna rera tallarsu da ƙarfin murya, babura suna kutsawa cikin mutane. Na sayi panelle, soyayyen ƙullun wani irin wake da ake cusawa cikin burodi, wato dai burodi da ƙosai da ya yi tafiya. Wani abincin da aka yi ta kiran in ɗanɗana, saifar saniya ce, amma da na ga da man alade ake soya ta sai na wuce.

Ina cin abincina a tsaye sai na ji wani a bayana yana waya yana cewa wallahi ƙarshen wata zai turo. Na juya. Saurayi ne da bai wuce shekara ashirin da biyar ba, yana tura amalanken akwatunan tumatir. Da ya gama na yi masa sallama. Ya saki amalanken ya kama hannuna da hannu biyu.

"Ikon Allah! Baba, daga ina?"

Na ce daga Zariya. Ya ce shi ɗan zangon Kumasi ne, amma kakansa mutumin Katsina ne da fataucin goro ya kai can. Na tambaye shi ta yaya ya zo. Ya ce, "Ta inda kowa ke zuwa, Baba. Agadas, Sabha, sai ruwa." Bai ƙara ba, ni ma ban nemi ƙari ba. Na san abin da ke cikin kalmar nan ta ƙarshe. A ranar 3 ga Oktoba 2013 kaɗai, mutum fiye da 360 suka nutse a kusa da tsibirin Lampedusa.

Ya raka ni 'yan taku ya nuna mini wani dogon bango a gefen filin ƙwallon yara, inda aka zana hoton wani baƙin mutum cikin rigar 'yan zuhudun Kirista. Ya ce Turawan unguwar suna ce masa waliyyinsu ne. Benedetto ke nan, ɗan bayi 'yan Afirka, wanda aka haifa a Sisili, ya rasu a Palermo a 1589, Cocin Katolika ta sa shi cikin waliyyanta a 1807. Saurayin ya yi murmushi ya ce, "Ka ga mun riga su zuwa ma." Ya kwatanta mini masallaci a can kusa da babbar coci. Da na isa na tarar tsohuwar coci ce da aka ba Musulmi a 1990. A birnin da aka mai da masallatai coci, yau coci ce ta zama masallaci.

Babbar cocin gari ita kanta haka tarihinta yake, sai dai ya fi tsawo. Cocin Rumawa ce aka mai da ita masallacin Juma'a, Normawa suka mai da ita coci, sannan a 1185 aka rushe aka gina wadda ke tsaye yanzu. A shirayin kudu, ginshiƙin farko daga hagu, akwai wani ɗan allo da aka sassaƙa a jikin dutsen. Na sa tabarau na matsa. Aya ta 54 ce ta Suratul A'arafi, wadda ke magana a kan halittar sammai da ƙasa da bin dare da rana. Ginshiƙin tsohon gini ne magina suka samu suka sake amfani da shi. Jama'a suna ta shiga suna fita, ba mai ɗaga kai. Na karanta abin da idona ya iya kamawa, na ƙarasa sauran da ka, yadda aka koya mini. Abin da na zo nema tun safe, a iyakar abin da na gani da idona, faɗinsa bai fi tafin hannu biyu ba.

A ciki, cikin akwatin jan dutse, Sarki Firdirik na biyu yake kwance, wanda ya rasu a 1250. Turawa suna yabonsa da cewa ya ji Larabci, ya yi wasiƙu da malaman Musulmi, ya karɓi Ƙudus a 1229 ta hanyar sulhu da Sarkin Masar Alkamil ba tare da yaƙi ba. Duk gaskiya ne. Shi ne kuma ya murƙushe Musulmin da suka yi tawaye a duwatsun yammacin Sisili, ya kwashe su daga wajen 1223 zuwa 1246 ya kai su Lucera a can cikin Italiya, inda ya mai da su manoma da maharban rundunarsa. Masana suna ƙiyasta su da kimanin dubu ashirin. A 1300 Sarki Sharl na biyu ya rushe wannan zango, aka sayar da mutanensa bayi. Yahudawan tsibirin, waɗanda suka ci gaba da magana da Larabci bayan Larabawan sun tafi, an kore su da dokar 1492.

Fadar sarakuna tana can ƙarshen titi, a tudun da sarakunan Musulmi suka zauna kafin Normawa, kuma a yau majalisar dokokin Sisili ke zama a cikinta. A hawa na biyu akwai ɗakin ibadar Roja, wanda aka fara ginawa a 1132. Ban taɓa shiga ɗakin da ya rufe mini baki kamar wannan ba. Tsarin ginin na Latinawa ne, zinariyar bango ta Girkawa, rufin kuwa na katako ne da aka sassaƙa shi gida-gida kamar saƙar zuma yana zubowa ƙasa, irin aikin da ake gani a fadojin Masar da arewacin Afirka. In ka ƙura ido za ka ga an zana mutane a cikin kowane gurbi: makaɗa, masu rawa, masu dara, mashaya, zakuna, tsuntsaye, da kalmomin fatan alheri cikin rubutun Kufi. Kakana da ya gani da ya yaba hannun, ya yi tir da hotunan. A bakin ƙofa akwai dutsen da ke tuna agogon ruwan da Roja ya sa aka yi a 1142, an rubuta shi da Latin da Girkanci da Larabci.

A wannan fada Idrisi ya yi aiki. Sharifi ne haifaffen Sabta, Roja ya gayyato shi ya ce yana son sanin siffar duniya. Suka yi wajen shekara goma sha biyar suna tara matafiya da 'yan kasuwa, ana yi musu tambayoyi, abin da bakinsu ya zo ɗaya a rubuta, abin da suka saɓa a ajiye. Aka gama a watan Janairu na 1154, 'yan makonni kafin rasuwar sarkin. An zana duniya a kan faifan azurfa, aka kuma rubuta littafi mai taswira saba'in, kudu a sama, arewa a ƙasa. Saboda tsarin da ya bi, littafin ya fara ne da ƙasashen baƙar fata: Takrur, Gana, Kaukau wato Gawo, sannan Kanem da garuruwanta Manan da Anjimi, da Kawar. Bai ambaci Kano ko Katsina ba. Ya kuma ɗauka cewa babban kogin yamma reshen Nilu ne. Amma ka tsaya ka yi tunani: a wani ɗaki cikin wannan gida, wani fatake da ya ƙetare Sahara ya zauna yana ƙirga wa magatakarda zangon da ke tsakanin Kawar da tafkin Cadi. Hanyar da ya kwatanta ba ta da nisa da wadda mai amalanken tumatir ya biyo. Kayan da ke bin hanyar a lokacin ma Idrisi bai ɓoye su ba: zinariya, wadda masana da dama ke ganin da ita ake buga kuɗin tari na Sisili mai rubutun Larabci, da kuma mutanen da ya kira Lamlam, waɗanda ya ce maƙwabtansu kan kai musu hari su sayar da su ga fatake.

Shekara bakwai bayan kammala littafin, a 1161, manyan Normawa suka yi wa ɗan Roja bore, suka fasa fada, suka karkashe fadawa Musulmi, kisan ya bazu cikin gari. Ana cewa a wannan tarzoma faifan azurfar ya salwanta.

A shagon tsaraba na fada na ga kati mai hoton alkyabbar Roja, wadda aka ɗinka a masaƙar fadar nan a shekara ta 528 bayan hijira, yanzu kuma tana Biyana. Jan alharini ne da surfanin zinariya. A tsakiya bishiyar dabino, a kowane gefe zaki ya danne raƙumi ya kafa masa farce. A bakin alkyabbar an jera addu'o'in Larabci na fatan ɗaukaka ga mai sanya ta. Hannun da ya san Larabci ne ya yi surfanin raƙumin a ƙarƙashin zakin. Na daɗe ina juya katin. A ganina wanda ya kira zamanin Roja zamanin zaman lafiya tsakanin addinai bai yi ƙarya ba, domin a Turai ta wancan ƙarni babu inda Musulmi ya sami irin wannan wuri a fadar Kirista. Amma wuri ne da sarki ya bayar don amfanin sarautarsa, yana buƙatar magatakarda da masu lissafin haraji da maharba waɗanda ba su da kowa sai shi. Da sarautar ta raunana, babu wata doka ko alkawari da ya tsaya musu. Mu ma da muke alfahari da ƙarni biyu na mulkin Musulmi a nan, ba mu cika tambayar yadda Kiristan Sirakusa ya ga alkyabbar namu sarakunan ba. Na sayi katin.

La'asar ta yi sanyi lokacin da na isa Zisa, gidan shaƙatawar da Wiliyam na ɗaya ya fara a wajen 1165, ɗansa ya ƙarasa. Sunan daga Al'aziza ne. A da, a babban zauren ƙasa ruwa kan fito daga bango, ya gangaro kan wani dutse mai gurzago, ya bi ta kwata a tsakiyar ɗaki ya fita zuwa tafki, iskar da ta biyo ta kansa ta sanyaya gidan. A wani ɗaki na sama aka ajiye ɗan farin dutsen kabari. Wani limamin fadar Roja mai suna Grisanto ya sa aka yi wa mahaifiyarsa Anna. Gicciye a tsakiya, rubutu huɗu kewaye da shi: Latin, Girkanci, Larabci, da Larabci cikin haruffan Yahudawa. Kowane rubutu ya ba da shekarar rasuwarta da lissafin mutanensa, na Latin ya ce 1148, na Larabci ya ce 543. Mutumin yana son duk wanda ya ratsa, ko da wane harshe uwarsa ta yi masa rarrashi, ya san cewa tasa uwar ta rasu. Mai gadi ya leƙo ya nuna mini agogon hannunsa.

Na koma tashar jirgi ta cikin Ballaro ko zan sake ganin saurayin. An kwashe rumfuna, ana wanke titi da tiyo, ƙanshin kifi da lemo ya gauraye. Na same shi zaune a kan amalankensa yana cin burodi. Ya tambaye ni ko na ga abin da na zo nema, na ce na ga ginshiƙi guda. Na nuna masa hoton a waya, ya faɗaɗa shi da yatsu biyu, ya fara haɗa baƙi yana motsa leɓe, ya kama bakin ayar, ya ci gaba da ka. Ya ce shekararsa huɗu a garin, yakan wuce ta gaban cocin nan kusan kullum, bai taɓa lura ba. Ya tambaye ni daidai wane ginshiƙi ne. Na ce na farko daga hagu, in ka fuskanci ƙofa. Ya maimaita, na farko daga hagu. Sannan ya ɗauki jakata ya ɗora a kan amalanken, ya ce jirgin Napoli ba ya jiran kowa, mu bi ta lungu ya fi kusa.